Albashin da Aka Riƙe Bashi Ne: Haƙƙin Ma'aikaci a Jidda da Yadda Yake Suɓuce Masa

Cikin unguwannin Jidda da baƙi suka daɗe suna yada zango, Bani Malik na daga waɗanda Bahaushe ya fi sani. Tana tsakiyar gari, daura da titin Falasɗinu, kuma kafin rusau ɗin da hukumomi suka yi wa tsofaffin unguwannin birnin daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, wanda ya ci wani sashe nata, lungunanta maƙil suke da mutanen ƙasashe daban-daban. Mutanenmu a Hijaz ba iri ɗaya ba ne. Akwai jikokin waɗanda suka taso a ƙafa bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, da yawansu yau 'yan ƙasa ne masu amsa sunan Hausawi ko Fallata ko Barnawi. Akwai masu igama, wato takardar izinin zama, da suka zo da bizar aiki: direbobi, masu gadi, teloli, kanikawa, 'yan aikin gida. Akwai kuma waɗanda suka shigo Umara ko Hajji suka maƙale, waɗanda a gida ake ce wa takari. Kukan da ya haɗa rukuni biyun ƙarshe guda ne: wata ya ƙare, an shiga wani, mai gida na ta cewa gobe in Allah Ya yarda, har a wayi gari ana bin sa albashin wata huɗu ko shida. Abin da nake son kafa wa hujja shi ne, albashin da aka riƙe bashi ne da dokar ƙasar ta san da zamansa, ta kuma shimfiɗa hanyar karɓo shi. Galibin masu rasa shi tun kafin a je gaban alƙali suke rasa shi, ta hanyar gudu daga wurin aiki, ko sa hannu a takardar da ba su karanta ba, ko shirun da ya wuce ƙa'ida.

Dokar ƙwadagon Saudiyya da ake aiki da ita an fitar da ita a 2005, an kuma yi mata gyare-gyare sau da yawa. Sashe na 90 ya wajabta a biya mai albashin wata sau ɗaya a kowane wata, mai aikin yini kuwa aƙalla sau ɗaya a mako. Sashe na 61 ya haramta wa mai aiki riƙe albashin ma'aikaci, ko wani yanki nasa, ba tare da hukuncin kotu ba. Wannan shi ya rushe hujjar da masu gida suka fi so, wato cewa suna riƙe wata biyu ne don kada yaro ya gudu, ko don su fanshe kuɗin da suka kashe wajen kawo shi. Kuɗin kawo ma'aikaci, da na igama da lasisin aiki da sabunta su, da tikitin komawa gida bayan ƙarewar kwantiragi, sashe na 40 ya ɗora su ne a wuyan mai aiki. Yankan albashi ma yana da iyaka. In rance ne mai gida ya ba ka, abin da zai cire a wata ba zai haura kashi 10 cikin ɗari ba, kuma a ƙa'ida duk abin da za a yanke, in an haɗa, ba zai wuce rabin albashi ba. Sashe na 94 ya ba ma'aikaci damar kai ƙara idan an jinkirta masa biya ba da dalili ba, ya kuma ba kotu ikon cin mai aikin tarar da za ta iya kai ninki biyu na abin da ya riƙe. Ko kamfani ya karye, sashe na 19 ya sa haƙƙin ma'aikata a sahun farko na basussukan da za a biya. Duk wannan bai bambanta ɗan ƙasa da baƙo ba. A watan Disambar 2020 kuma Saudiyya ta amince da yarjejeniya ta 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka tsara tun 1949 don kare albashi.

Mai karatu zai ce rubuta doka daban, aiki da ita daban, kuma yana da gaskiya. Jidda ta ga hakan da idonta a 2016, lokacin da faɗuwar farashin mai ta sa gwamnati ta jinkirta biyan 'yan kwangila. Kamfanin Saudi Oger, na iyalan Hariri na Labanon, ya bar dubban ma'aikatansa watanni ba albashi, har ta kai ƙaramin ofishin jakadancin Indiya a Jidda yana raba wa mutanensa abinci a sansanonin leburori. A Makka, ma'aikatan kamfanin Binladin da suka fusata sun ƙona motocin safa, aka kama wasu aka hukunta su, domin ƙasar ba ta yarda da yajin aiki ko ƙungiyar ƙwadago irin wadda muka sani a gida ba. Saudi Oger ya rufe a 2017, kuma mutane da yawa sun koma ƙasashensu suna jiran kuɗinsu shekaru. Amma daga wannan abin kunya ne aka ƙara ɗaure abubuwa. Tsarin kare albashi, da aka fara da manyan kamfanoni a 2013, an yi ta faɗaɗa shi har ya game kowace ma'aikata mai zaman kanta a ƙarshen 2020, komai ƙanƙantarta. Ma'anarsa, dole albashi ya bi ta banki, mai aiki ya ɗora bayanin biyan a manhajar Mudad, ma'aikatar ƙwadago tana gani. Wanda ya yi jinkirin wata biyu ana fara rufe masa wasu hidimomin ma'aikatar, wanda ya kai wata uku a rufe duka. Abin da ya fi muhimmanci ga ma'aikaci shi ne, in an yi wata uku a jere ba a biya shi ba, yana da ikon komawa wajen wani mai aikin ba sai kafilinsa, wato mai aikin da ya ɗauki nauyinsa, ya yarda ba. Sauye-sauyen tsarin kafala da suka fara aiki ranar 14 ga Maris 2021 sun ƙara tabbatar da wannan, ta manhajar Qiwa.

Hanyar ƙara ba ta da sarƙaƙiya kamar yadda ake tsorata mutane. Matakin farko sulhu ne a ofishin ƙwadago, wanda kowa ke kira maktab amal, kuma ana iya shigar da buƙatar ta shafin ma'aikatar a intanet. Ana kiran ɓangarorin biyu, ofishin yana da kwanakin aiki 21 ya sasanta su. In an daidaita, a rubuta yarjejeniyar da za a iya tilasta wa mai aiki cikawa. In ba a daidaita ba, ko mai gida ya ƙi zuwa, sai magana ta wuce kotun ƙwadago. Waɗannan kotuna sun fara aiki a ƙarshen 2018 a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, kuma Jidda na cikin birane bakwai da aka fara buɗe su. Ma'aikacin da ke neman haƙƙinsa na kwantiragi an yafe masa kuɗin shigar da ƙara. Daga Oktoban 2025 an ƙara gajarta hanya ga masu sababbin kwantiragin da aka yi wa rajista a Qiwa: sharaɗin albashi da ke ciki ya zama kamar hukuncin da ke jiran zartarwa, ta yadda in kwana 30 suka wuce ba a biya komai ba, ko kwana 90 ana biyan guntu-guntu, ma'aikaci na iya zuwa kai tsaye kotun zartarwa ta manhajar Najiz. Akwai kuma inshorar albashin baƙi da aka fara a Oktoban 2024, mai biyan abin da bai wuce riyal 17,500 ba, sai dai ita ta shafi kamfanin da ya durƙushe ne ya kasa biyan mafi yawan ma'aikatansa wata shida, ba ɗan shagon da ya riƙe wa mutum ɗaya kuɗi ba.

To, in hanya a buɗe take haka, ina haƙƙin ke zurarewa? Wuri na farko shi ne gudu. Mutum ya gaji, ya tattara jakarsa da dare ya koma ɗakin ɗan garinsu, ya fara buga-buga a wani wurin. A ganinsa ya tsira. A idon doka kuwa ya miƙa wa mai gida makami. Sashe na 80 ya ba mai aiki damar korar wanda ya yi fashin fiye da kwana 15 a jere ba da uzuri ba, bayan gargaɗi a rubuce, kuma kora ce ba kuɗin sallama. Mai gida zai kuma shigar da rahoton cewa ma'aikacinsa ya ɓace, abin da aka fi sani da hurub. Tun Oktoban 2022 ma'aikacin kamfani na da kwana 60 ya nemi wani mai aikin ko ya karɓi bizar fita, in ya bari suka wuce ya zama mai zaman da ya saɓa doka, abin nema ga jami'an tsaro. Alhali dokar nan ta tanadi ƙofar fita ta halal. Sashe na 81 ya yarda ma'aikaci ya bar aiki ba tare da sanarwa ba, da duk haƙƙoƙinsa cif, idan mai aiki ya kasa cika muhimman wajiban da ke kansa, kuma babu wajibin da ya kai biyan albashi. Bambancin mai fita ta wannan ƙofa da mai gudu shi ne, na farkon ya riga ya kai kukansa maktab amal, akwai lambar ƙara da kwanan wata da za su nuna wa alƙali cewa rashin biya ne ya fitar da shi.

Bari mu yi lissafi da misali, don a ga girman abin da ake zubarwa. A ce kanike ne a gareji, albashinsa riyal 1,500, ya shekara bakwai, ana riƙe masa wata huɗu. Bashin albashi riyal 6,000 ke nan. Kuɗin sallama a sashe na 84 rabin albashin wata ne ga kowace shekara ta biyar ɗin farko, sannan cikakken albashin wata ga kowace shekara bayan nan: 750 sau biyar, 3,750, a ƙara 3,000 na shekara biyu, ya zama 6,750. In ya fita ta sashe na 81 kuma kotu ta gamsu, yana bin 12,750, banda kuɗin hutun da bai ci ba da na aikin ƙarin lokaci. In ya rubuta takardar ajiye aiki kawai don fushi, sashe na 85 ya rage masa sallamar zuwa kashi biyu cikin uku, wato 4,500, tunda bai kai shekara goma ba. In kuwa gudu ya yi, sallamar gaba ɗaya tana cikin haɗari, kuma ko 6,000 ɗin, da har yanzu haƙƙinsa ne, sai ya fito fili ya neme su, shi kuwa fitowa fili ita yake tsoro. Mutum ɗaya, gumi ɗaya, amma yadda ya bar ƙofar garejin ne ya yanke abin da zai kai wa iyalinsa a Funtuwa ko Tasawa.

Wuri na biyu shi ne sa hannu. Harshen kwantiragi da takardun aiki a ƙasar Larabci ne, kuma in an rubuta da harshe biyu aka sami saɓani, na Larabcin ake bi. Da yawa daga cikinmu sun yi karatun allo, suna iya haɗa baƙi, amma Larabcin ofis wani abu ne daban. Sai a kawo wa mutum takarda a ce ta sabunta igama ce, ya dangwala, ashe shaida ce cewa ya karɓi albashinsa duka. Ko a ranar tafiya a miƙo masa mukhalasa, takardar da ke cewa ba ya bin komai, a ce in ya sa hannu za a tura masa kuɗin bayan ya sauka Kano. Wanda ya yarda da wannan ya sayar da bashinsa a kan alkawarin baka. Gaskiya ne sashe na 8 ya soke duk wata yafiya ko sulhu da aka sa ma'aikaci ya yi a kan haƙƙinsa yana tsakiyar kwantiragi, sai in sulhun ya fi masa amfani, amma tabbatar wa alƙali cewa an yaudare ka aiki ne ja, kuma takardar da aka sa wa hannu bayan an rabu ta fi wuyar warwarewa. Akwai wata dabarar da ta ɓullo bayan an tilasta biya ta banki: mai gida ya riƙe katin cirar kuɗin ma'aikaci, ya zuba albashi don Mudad ta gani, ya je ya cire abinsa. A takarda an biya ka. Saboda haka katin banki da lambar sirrinsa, da layin wayar da aka yi rajistar manhajar gwamnati ta Absher da shi, ba abin bari a hannun kowa ba ne, haka fasfo, wanda riƙe shi ma doka ta hana mai aiki. Wanda ba a rubuta masa kwantiragi ba kuwa kada ya karaya. Sashe na 51 ya ba shi damar tabbatar da aikinsa da haƙƙinsa ta kowace irin hujja: saƙon WhatsApp da mai gida ya ce a ƙara haƙuri zuwa wata mai zuwa, bayanin asusun banki da ke nuna inda biya ya tsaya, abokan aiki da za su yi shaida.

Na uku shi ne lokaci. Kotun ƙwadago ba ta karɓar ƙara bayan wata 12 da rabuwar ma'aikaci da mai aiki, sai da uzurin da ta gamsu da shi, ko in wanda ake ƙara ya amsa da bakinsa cewa ana bin sa. Doka ta ba mai aiki mako guda ya biya komai in shi ya sallami ma'aikaci, mako biyu in ma'aikacin ne ya tafi. Duk abin da ya wuce nan jinkiri ne da ke cin wa'adin ma'aikaci, ba na mai gida ba. Mazauna unguwa irin Bani Malik sun fi kowa sanin yadda abubuwa ke sauyawa cikin shekara guda. Inda rusau ya bi, shago ya tashi, maƙwabcin da zai yi shaida ya koma wata unguwa ko an mayar da shi gida, mai aikin ya sauya lamba. Bashin da aka bari ya kwana a irin wannan yanayi sai dai a ba da labarinsa.

'Yan aikin gida, wato shagala da direban gida da mai gadin gida, lamarinsu ya fi tsanani, kuma a nan ne 'yan'uwanmu mata suka fi yawa. Dokar ƙwadago ta cire su daga cikinta, sauye-sauyen 2021 ma ba su shafe su ba. Suna da tasu ƙa'idar, wadda aka fara fitarwa a 2013, aka sabunta ta a 2023, sabuwar ta fara aiki a Oktoban 2024. Ita ma ta wajabta biyan albashi kowane wata da hutun yini guda a mako. Daga Yulin 2024 aka fara tilasta biyan albashinsu ta hanyar asusun waya ko banki a ƙarƙashin manhajar Musaned, mataki-mataki, da nufin ya game kowa a farkon 2026. In an riƙe wa 'yar aiki albashin wata uku, a jere ko a rarrabe, ana iya mayar da ita wani gidan ba da yardar na farko ba, kuma rigimarsu yanzu tana farawa da sulhu a ma'aikatar ƙwadago ta ƙare a kotun ƙwadago. Matsalar ita ce mace a cikin gida ba ta da abokin aikin da zai yi mata shaida, wani lokaci ko waya ba ta hannunta. Ga kuma wata al'ada da ya kamata a daina: uwar gida ta ce, bari in riƙa ajiye miki kuɗinki kada ki ɓarnatar, in za ki tafi in ba ki a dunƙule. Wani lokaci da zuciya ɗaya ake faɗa. Amma albashin shekara biyu in ya taru yana yi wa mai biya nauyi, kuma a ranar lissafi ne ake tuno kofin da ya fashe da rigar da ta ƙone a guga. Abin da aka tura gida wata-wata shi ne aka samu.

Akwai masu cewa duk wannan zance ne na takarda, baƙo ba ya ja da kafili a ƙasar kafili. Ban raina wannan magana ba. Har yanzu igamar ma'aikaci a ɗaure take da mai aikinsa, shi ke sabunta ta, sau da yawa shi ke ba da ɗakin kwana, kuma wanda ya kai ƙara yana iya kwana a titi kafin a yanke hukunci. Samun hukunci ma ba shi ne samun kuɗi ba, in wanda aka yi wa hukuncin ba shi da komai a asusu. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun daɗe suna faɗin cewa gyaran 2021 ya sassauta tsarin kafala ne, bai kawar da shi ba. Sai dai a duba abin da wannan hujja take kai mutum gare shi. In ta sa ka yi shiru, me ka samu? Mai gidan da ya riƙe wata biyu ya ga ba abin da ya faru, shi ne zai riƙe biyar. A gefe guda kuma, shi ma yana da abin tsoro: rufe masa hidimomin ma'aikatar ƙwadago yana nufin ba sabuwar biza, hukuncin kotun zartarwa kuma na iya taɓa asusunsa da tafiye-tafiyensa. Shi ya sa ƙaramin ɗan kasuwa yakan gwammace ya biya a teburin sulhu da a kai shi gaba. Rashin daidaiton ƙarfi dalili ne na yin shiri kafin a motsa, a tara hujja, a nemi wanda zai karɓe ka aiki, a san inda za a kwana. Bai zama dalilin yafe gumi ba.

Wasu kuma ta fuskar tausayi da addini suke zuwa. Su ce mai gidan nan mutumin kirki ne, kasuwa ce ta tsaya masa, kuma a ƙasa mai tsarki bai kamata Musulmi ya kai ɗan'uwansa ƙara ba, a bar wa Allah. Mu da muka fito daga inda gwamnatocin jihohi suka riƙe albashin malamai watanni har sai da gwamnatin tarayya ta ba su tallafin ceto a 2015, mun saba da jinkirin albashi har muna ganin kamar ƙaddara ce irin ta fari. Wannan sabo ne muke ɗauka mu tafi da shi. Amma addinin da ake kafa hujja da shi bai tsaya a gefen mai riƙe haƙƙi ba. Hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito ya sa wanda ya ci aikin ɗan ƙwadago ya hana shi lada cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar gobe, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci alheri ne da Alƙur'ani ya yi umarni da shi, amma sai an tabbatar ƙuncin gaskiya ne, ba wanda ya sauya mota a watan da ya ce babu ba. In ma gaskiya ne, me zai hana ya rubuta cewa ana bin sa kaza, zai biya ranar kaza, ya sa hannu? Rubuta bashi umarni ne da ke cikin aya mafi tsawo a Alƙur'ani. Mai niyyar biya ba ya jin haushin wannan buƙata, wanda ya fusata da ita kuwa ya gaya maka abin da ke ransa. Kuma kuɗin ba na ma'aikaci kaɗai ba ne da zai yafe don kunya. Akwai mata da 'ya'ya da tsofaffi a gida da ke jiran sa.

Saura waɗanda ba su da takarda, kuma a nan ba zan yi daɗin baki ba. Duk hanyoyin da na lissafa, Qiwa da Mudad da Musaned da Najiz, da lambar igama ake shiga su. Wanda ya zo Umara ya maƙale, ko wanda igamarsa ke wajen wani kafili yana aiki wajen wani, abin da sashe na 39 ya hana, in ya doshi hukuma da kuka yana iya ƙarewa a Shumaisi, cibiyar tarhil, wato ta tsare waɗanda za a mayar gida, da ke tsakanin Jidda da Makka. Masu cin gumin takari sun san haka sarai, da shi suke taƙama. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, su ma doka na hukunta wanda ya ba mara takarda aiki ko mafaka, da tara da ɗauri, don haka barazanar kira askarawa kan kowa take iya faɗawa. A shari'ar Musulunci ladan aikin da aka riga aka yi ba ya faɗuwa don mai aikin ba shi da igama. Abin da ya rage wa mai wannan hali shi ne rigakafi: ya karɓi kuɗinsa kullum ko mako-mako, kada ya bari ya taru, ya yi ciniki a gaban wanda ɓangarorin biyu ke jin kunyarsa, in rigima ta taso ya nemi dattawan al'umma da limamin da mai gidan ke sallah a bayansa. Najeriya da Nijar duka suna da ƙaramin ofishin jakadanci a Jidda, kuma kula da irin wannan kuka na cikin aikinsu, ko da mutane na ƙorafin ba a cika samun yadda ake so ba. Amma gaskiyar da ya kamata a faɗa wa matasa da zawarawan da ejan ke yi wa romon baka a Kano da Katsina da Maraɗi ita ce, wanda ya shiga ba ta ƙofar aiki ba ya bar mafi yawan kariyar nan a filin jirgi.

Ga mai shirin tafiya, ka nemi a karanta maka kwantiraginka da Hausa kafin ka sa hannu, ka tabbatar albashin da ejan ya faɗa shi ne a rubuce, domin abin da ke Qiwa ko Musaned shi alƙali zai duba. Ga wanda ke can ana riƙe masa albashi a yau, kada ka bar wurin aiki tukuna, kada ka sa hannu a komai. Ka ciro bayanin asusunka, ka adana saƙonnin mai gida a wayar wani amintacce, ka rubuta watannin da kake bi da adadinsu, sannan ka kira layin ma'aikatar ƙwadago, 19911, ko ka sa wanda ya iya Larabci ya shigar maka da buƙatar sulhu. Ƙungiyoyin 'yan Najeriya da na 'yan Nijar a Jidda, da 'yan'uwanmu haifaffun can da suka san harshen da ofisoshin, su ware masu raka mutane maktab amal kamar yadda suke ware masu raka gawa maƙabarta. In ka riga ka bar aikin, lissafa daga ranar da kuka rabu: wata 12 kake da su.